Goron Bikon Rina

An ce mana karatu za mu je. Mutumin da ya haɗa mana takardu a Abuja har rantsuwa ya yi cewa a aji za mu zauna, a koya mana yadda ake ajiye albasa ta shekara ba ta ruɓe ba. Ni ɗan Aliero ne, na tashi ina ganin mahaifina yana kwasar rabin abin da ya noma yana zubarwa bayan gari, don haka ban tsaya dogon bincike ba. Da muka sauka Isra'ila sai na tarar ajin nan rana ɗaya ne a mako. Sauran kwanakin a tsugune nake a gona, daga ni sai kwando, a wani ƙauyen manoma can kudu cikin hamada. Na ɗauka na san zafi tunda na yi bazara a Maiyama, ashe ban san komai ba.

Maigidan da aka ba ni sunansa Yosi. Dattijo ne gajere mai ƙaton wuya, ba ya gaisuwa, ba ya amsa ta. Da safe in na ce masa ina kwana, sai ya nuna mini layin da zan fara. Ba mugu ba ne, bai taɓa cin haƙƙina ba, amma magana a wurinsa kamar da kuɗi ake sayenta. Matarsa Rina kuwa ita ta kwashe maganar gidan duka. Ɗansu ɗaya, Amir, dogon saurayi mai yawan dariya, shi ya koya mini gyaran bututun ban-ruwa, ni kuma na koya masa cewa "sannu da aiki", ya riƙa faɗa wa kowa har da karen gidan.

Akwai kuma Abu Salim, direban babbar motar da ke kai kaya birni. Balaraben ƙauye ne, Musulmi, yana da takardun ɗan ƙasa, amma dangin mahaifiyarsa duk a Gaza suke. Da shi nake jam'in azahar a inuwar mota. Larabcin Islamiyyata yana ba shi dariya, yana cewa ina magana kamar limamin da ya ɓata hanya.

Kewar gida ta kama ni ta wajen ciki. Burodinsu da ganyayyakinsu ba sa zama mini. Wata rana Rina ta tambaye ni me muke ci a garinmu, na nuna mata hoton gero a waya. Ta ƙura wa hoton ido ta tafi. Bayan kwana biyu sai ga ta da leda, a jikin ledar an zana aku. Ashe a ƙasar nan tsuntsaye ake ba gero, a shagon abincin tsuntsu ta samo mini shi. Tana ta ba ni haƙuri, ni kuwa na karɓa ina ta godiya. Ran nan na dama kunu, na sha, na zauna bakin ƙofa ina share hawaye kamar yaro. Daga nan duk lokacin da ta shiga gari sai ta riƙo mini ledar aku.

Sai ranar Asabar ɗin nan ta zo, wadda duniya duka ta ji labarinta, ranar da mayaƙa suka tsallako daga Gaza suka kai hari. Mu muna nesa da iyaka, jiniya kawai muka ji, muka ruga ɗakin simintin da ake fakewa. Amma wani aminin Yosi tun na ƙuruciya yana cikin waɗanda aka kashe a gidajensu, aka kuma tafi da jikarsa. Kafin rana ta faɗi an kira Amir, don kusan kowane saurayi a can soja ne mai jiran kira. Ya rungume uwarsa, ya ɗaga mini hannu ya ce sannu da aiki. Falasɗinawan da ke zuwa tsinkar tattasai daga Yammacin Kogin Jodan aka hana su shigowa, ban sake ganin ko ɗayansu ba.

Abokan tafiyata da yawa suka koma gida. Ni na tsaya, rabi don kunyar komawa hannu rabbana, rabi don ban ga ƙarshen abin da na zo koyo ba. Tsayawar ba ta yi mini daɗi ba. Da rana ina noma wa Bayahude, in na buɗe waya kuma in ga gidajen Gaza a rushe, ana zaro yara daga ƙarƙashin ƙasa. Kawuna na Jega, mai sayar da hatsi, kullum sai ya turo mini murya yana tambaya ko har yanzu abinci na wuce mini a maƙogwaro. Yana wucewa, amma da ƙyar.

Da farko bakin Yosi da Rina ɗaya ne, kamar na kowa a ƙauyen: a shiga Gaza a gama da su. Da watanni suka ja sai bakin ya rabu. Ɗakina yana bayan kicin ɗinsu, ba na jin yarensu sosai amma faɗa ba ya buƙatar tafinta. Rina na cewa a tsagaita wuta, a yi ciniki, a dawo da waɗanda aka kama, a dawo mata da ɗanta. Tana cewa firaminista kujerarsa yake karewa da jinin 'ya'yan mutane. Yosi na cewa shi ma ba ya ƙaunar mutumin, bai taɓa zaɓensa ba, amma in aka tsaya yanzu gobe za a sake shigowa a yanka su a gado. Ta ce to sai yaushe. Ya ce sai an gama. Ta ce mene ne gamawar, ya faɗa mata yadda za ta gane ta in ta gan ta. A nan kullum yake buga tebur.

Wata safiya na ga ta fito da jaka. Ta tsaya wajena a bakin gona, ta ce, "Bashir, zan tafi Tel Abib. Akwai rumfar iyaye mata, can zan zauna har sai an ji mu. Na bar maka gero a kicin."

Gidan ya mutu. Yosi ya daina kunna murhu, sai ya tsaya gaban firji ya ci abin da hannunsa ya taɓa. Wandonsa ya fara zamewa. Ya koma kwana a kujera gaban talabijin, inda mutane huɗu ke yi wa juna ihu kan yaƙi daga safe har yamma. Furannin da ta shuka a bakin ƙofa ni nake ba su ruwa, shi ko kallonsu ba ya yi.

Ranar Juma'a na kira Inna kamar yadda na saba. Garin hira na ce mata matar maigidana ta bar gida.

Ta ce, "Yaji tay yi?"

Na ce, "Ba irin namu ba ne, Inna. Kan yaƙi sunka saɓa."

"Auta, mace tad ɗauki kayanta tab bar ɗakinta, mi as sunanai in ba yaji ba? Wa yat tahi biko?"

"Babu kowa."

"Ba su da manya?"

"Nan kowa babba ne, Inna."

Ta yi salati. Ta ce, "Ita ce wagga mai kawo maka gero? Kana shan kunu hannun mata, gidanta na mutuwa kana kallo? Ni da nit tahi Liba wajen iyayena, rantsuwa niy yi ba ni komawa. In da ba a biyo ni da goro ba, da yau babu kai duniya."

Na ce mata Kawu ya ce waɗannan mutane ba a shiga sabgarsu. Ta ce Kawu bai sha kunun ba. Sannan ta karanta mini yadda ake yi, kamar ban taɓa gani ba: in nemi izinin miji, in tafi da babba, in riƙe goro. "Kuma kak ka tambayi wa ad da gaskiya. Mai biko ba alƙali ba ne. Haƙuri kaɗai aka badawa."

Babban da nake da shi Abu Salim ne. Da na yi masa bayani sai ya kwashe da dariya har ya dafa tayar mota, dariyar da rabon da in ji ta tun kafin yaƙi. Ya ce su ma suna da irin wannan, dattawa kan je su dawo da mace, amma bai taɓa jin an yi wa Bayahudiya ba, balle baƙar fata da Balarabe su ne jakadu. Ya ce ranar Alhamis zai kai kaya, in hau.

Izinin miji ya fi wuya. Na sami Yosi yana kwance wani famfo, na durƙusa gefensa na ce a garinmu in mace ta yi fushi akan aika mutane su ba ta haƙuri, ina so in je. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ranar hutunka ce, je ka inda ka ga dama." Na ɗauki wannan a matsayin izini, don ban ga alamar zan samu wanda ya fi shi ba. Amma ranar Alhamis da na buɗe ƙofar mota, sai na ga tabarau ɗin karatun Rina a kan kujera, an naɗe shi cikin hankici. Abu Salim ya ce shi bai ga wanda ya ajiye ba.

Hanyar doguwa ce, kuma duk tsawonta gardama ce. Kowace gada da ƙyalle a rataye. Abu Salim na karanta mini: wannan ya ce tare za mu yi nasara, wancan ya ce a dawo da su yanzu, na gaba ya ce firaminista ya sauka, wani kuma an zo an shafe shi da baƙin fenti an rubuta maci amana. Motoci da yawa da ƙyalle ruwan ɗorawa a madubi, alamar waɗanda aka kama. A gidan mai wani saurayi da bindiga a kafaɗa ya leƙo, ya dubi Abu Salim, ya dube ni, ya faɗi wata magana ya tofar da yawu. Na tambayi me ya ce. Abu Salim ya ce, "Ya ce a mayar da Gaza filin ajiye motoci."

Can na ce masa, shi mene ne nasa ra'ayin. Ya rage rediyo. Ya ce, "Ya Bashir, a ƙasar nan kowa na da ra'ayi, har mai shara. Ni kaɗai ne ba ni da shi. In na rubuta Allah ya ji ƙan 'yar kawuna a waya, gobe wani ne zai tuƙa motar nan." A nan na san cewa an kashe ta, ita da 'ya'yanta, tun watan da ya wuce. Kullum muna salla tare bai faɗa mini ba. Na yi masa ta'aziyya a cikin mota, ni kaɗai, yana riƙe da sitiyari.

Goro kuwa sai da muka sha yawo. A bayan babbar tashar mota akwai layin baƙaƙen fata, can na samu wata mata 'yar Gana tana da shi a cikin firji. Ta ga idona ta san ba zan tafi in bar shi ba, ta yanke ni yadda take so. Goron da a kasuwar Jega ko kyauta aka ba ni sai na duba, shi na karɓa da hannu biyu. Na zaɓi farare, na ƙulle a leda.

Rumfar tana bakin wani babban titi. Mata ne zaune a kujerun roba, kowace da hoto a ƙirji. Masu wucewa wasu su danna ham su ɗaga musu hannu, wasu su sauke gilashi su zage su. A tsallaken titi wasu 'yan tsiraru ne tsaye shiru, riƙe da hotunan yaran Gaza, su kam zagi suke sha ta kowane ɓangare. Ban taɓa ganin mutane masu gajiya a fuska irin na wannan titi ba, masu zagin da waɗanda ake zagi duka.

Rina ta rame, muryarta ta dishe. Da ta gan mu sai ta miƙe a firgice, ta ɗauka mugun labari muka kawo. Na yi sauri na ce lafiya lau. Na cire takalmi, na durƙusa a gabanta a kan kwalta, Abu Salim na tsaye bayana yana kallon sama don kunya. Na ajiye goro, na ajiye tabarau. Na ce, "Mama, mun zo ba da haƙuri ne. A yi haƙuri a koma ɗaki."

Matan suka zagaye mu. Da Abu Salim ya fassara musu abin da ya kawo mu, wata ta yi dariya, wata ta rufe baki. Rina ba ta yi dariya ba. Tabarau ta ɗauka, ta juya hankicin, ta gane na waye.

Ta ce, "Shi ya aiko ka?"

Na ce, "Bai hana ni ba."

"Yana cin abinci?"

"A tsaye."

Ta zauna. Ta ce, "Bashir, ba da Yosi nake faɗa ba. Shekara talatin da wani abu ina jin minsharinsa, ba yau zan gudu ba. Amma ba zan iya zama a kicin ina yanka tumatir ina jiran a ƙwanƙwasa ƙofa ba. A nan ko ba komai ina ihu."

Inna ta ce kada in shiga shari'a, amma bakina ya kufce. Na nuna tsallaken titi, na ce su fa waɗancan yaran. Ta daɗe tana kallon wajen. Ta ce, "Ina ganinsu. Kada ka ɗauka ba na gani. Wata rana nakan tsallaka in tsaya da su, wata rana in na tuna jikar abokin Yosi sai in kasa. Ƙirjina ɗan ƙarami ne yanzu, yaro ɗaya ya cika shi. Ba alfahari nake ba." Ta dubi Abu Salim kamar za ta ce masa wani abu, ba ta ce ba. Shi ma bai taimake ta ba.

Ta ɗauki goro ɗaya ta shinshina, ta tambayi mene ne. Na ce a wurinmu in mace ta karɓi goron biko, ta yarda za ta koma ke nan. Ta riƙe shi a tafin hannu kamar mai auna nauyi. Sannan ta jefa a jakarta. Ta ce, "Na karɓa. Ka gaya masa ranar da Amir ya dawo gida, ranar zan dawo."

Na koma da murnata. Na gaya wa Yosi saƙon kalma da kalma. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko ta rame, na ce kaɗan. Washegari na ga ya ɗauki bututu yana ba furanninta ruwa da kansa. Na kira Inna na ce an karɓi goro, ta yi guɗa a waya har sai da na janye ta daga kunne.

Muka shiga cirar albasa. A lokacin ne ma na ga abin da na zo nema, yadda suke barin ta ta sha iska a inuwa har wuyanta ya bushe kafin a tara, da yadda iska ke bi ta ƙarƙashin rumbu. Ina koyo, amma rabin hankalina na kan hanya. Duk motar da ta tayar da ƙura sai na ɗaga kai, ina cewa ko Amir ne, in Amir ne to gobe akwai hayaƙi a kicin.

Motar da ta zo kuwa, da hantsi ta zo. Fara ce, ta tsaya a bakin gona, mutum uku suka fito da kakin soja, suna tafiya a hankali. A ƙasar nan ko yaro ya san ma'anar wannan tafiya, saƙon mutuwa ne. Yosi yana tsakiyar buhuna, ya gan su tun daga nesa. Bai je wajensu ba, bai gudu ba. Zama ya yi a ƙasa, ya cire hularsa ya ajiye a kan gwiwa.

Rina ta iso kafin la'asar.

Zaman makokinsu kwana bakwai ne, a ƙasa suke zama, a yage wuyan riga, maƙwabta su yi ta kawo abinci, kusan kamar namu. Gidan ya cika. Har a wajen makokin ban ga sun daina ba: a tsakar gida wani na cewa jinin yaron nan kada ya tafi a banza, a ƙarasa aiki, wata na ce masa jinin wa kuma yake so a ƙara. Yosi da Rina kuwa suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya ce wa wani na faɗa maka. Abu Salim ne ya kawo kujeru a motarsa, ya sauke, ya jera. Ya shiga ya gaishe su, ya fito ya zauna a mota shi kaɗai.

Ni ban san abin da zan ce ba. Ban san abin da hannun Amir ya yi a can ba, kuma na ga abin da aka yi a can. Wanda na sani shi ne mai ce wa kare sannu da aiki. Na durƙusa na ce Allah ya ba su haƙuri, da Hausa na faɗa, don ita ce ta zo bakina.

Ana gobe za a tashi daga zaman Rina ta kira ni kicin. Murhu na kunne, ta ɗora ruwa. Ta buɗe jakarta ta ciro goron nan. Ya bushe ya yi ja, ya ƙanƙance kamar dutse. Ta sa mini a hannu ta rufe yatsuna a kai.

Ta ce, "Ya dawo gida, na dawo. Ban karya maka alkawari ba."

Ban ƙara wata uku a ƙasar ba. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Na sauka Jega ranar kasuwa, cikin ihun 'yan kabu-kabu da ƙurar shanu, na tarar Kawu a rumfarsa. Ya tambaye ni su mutanen can me suke cewa kan abin da suke yi. Na ce masa suna cewa komai, Kawu, wanda ka zata da wanda ba ka zata ba, kuma duk ba su hana komai ba. Ya ce ban amsa masa ba. Na ce iyakar abin da na gani ke nan.

A gida Inna ta sa aka dama mini fura. Ta bari na sha, na yi hamdala, 'yan barka da zuwa suka watse. Sannan ta matso da tabarmarta.

Ta ce, "Auta, ba ka ƙarasa min ba. Matar nan ta koma ɗakinta?"

Na ce, "Ta koma, Inna."

Ta ɗaga hannu sama. "To alhamdu lillahi. Ka gani? Goro bai faɗuwa ƙasa banza." Ta kwance bakin zanenta ta ɓaro nata, ta miƙo mini rabi.

Na karɓa na riƙe. Busasshen nan na Rina yana aljihuna, ina jin taurinsa a cinyata. Tana ta kallona tana jira in kai baki, ni kuwa na kasa.